Tarihin hoton baƙi da fari a wajenmu, da allon mai hoto

Gaisuwa mai yawa ga iyayenmu dattawa da ke gida Tsarnawa, da ƴan'uwa da ke wurin biɗa, na Yamai da na Abijan, na Ikko da na Kumasi, da waɗanda suka yi arewa. Allah ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, amin. Bayan haka, ina neman izinin manya in yi magana a kan wani abu da suka fi ni sani, domin su suka gani da idonsu, ni kuwa tambaya na yi, sai ɗan abin da na karanta. Inda na yi kuskure a gyara mini.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, kwanan baya na shiga Ƙonni sayen alli da littattafan yara, na ratsa ta wani lungu, sai na hangi wani faifan ƙarfe an toshe ƙofar garken awaki da shi. Tsatsa ta ci gefensa, amma tsakiyarsa na nan da ƙyalli, don an shafe shi da irin ruwan da ake yi wa langa da kwanon sha. A jikinsa akwai wata alama ja mai siffar laya da aka tsayar bisa kusurwa, an rubuta Agfa a ciki. Na yi sallama, mai gidan ya fito. Ya ce a zamanin mahaifinsa wani mai hoto ya yi haya a shagon gidan shekaru da yawa, da ya tashi sai ya bar tarkacensa. Ya ce faifan biyu ne, akwai mai ruwan ɗorawa na Kodak, amma wani mai sayen kayan da ya zo ya saye shi, ya haɗa da allon katako mai gilashi da ake jinginawa a bakin shago. Na ce, da hotunan da ke ciki? Ya ce da su. Na tambayi kilishe, watau baƙin fim ɗin da ake fidda hoto daga gare shi (kada a ɗauka kilishin nama nake nufi, kalmar Faransanci ce masu hoto suka ara). Ya ce kwali guda ne, gara ta ci rabi, sauran kuma yara suka yi ta ɗagawa suna kallon rana da su har suka ƙare. Na fito daga gidan nan jikina a sanyaye, domin babu shakka a cikin wannan kwali akwai fuskokin mutanen Tsarnawa.

Ita dai sana'ar hoto a Faransa aka haife ta. Wani mutum mai suna Nicéphore Niépce ne ya fara kama siffar abin da ke bayan tagarsa bisa farantin ƙarfe, wajen 1826, bayan ya bar shi sa'o'i masu yawa yana shan haske. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar abokin aikinsa Daguerre a birnin Paris. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da Kodak, ƙaramin akwati mai naɗin fim a ciki, wanda ko ba gwani ba yana iya aiki da shi. Agfa ta Jamus ce, Ilford ta Ingila. Waɗannan sunaye uku su suka riƙe kasuwar baƙi da fari a ƙasashenmu har ta mutu.

Shekara 60 cif bayan 1839, watau a 1899, sojojin Voulet da Chanoine suka ƙone Birnin Ƙonni. Daga nan Nasara ya zauna, akwatin hoto kuma ya shigo tare da shi. Turawan da suka auna iyaka tsakaninmu da Ingilishi daga 1906 zuwa 1908, ƙarƙashin Kaftin Tilho, sun bi ta wannan yanki, littattafan tafiyarsu kuma a Paris aka buga su. To hotunan wancan zamani duk haka suke: an ɗauki kakanninmu a kasuwa, ko a bakin rijiya, ko a fadar sarki, an tafi da su ƙetare, wanda aka ɗauka bai taɓa ganin kansa ba, ba a kuma rubuta sunansa ba sai in basarake ne. Ku riƙe wannan magana ta suna, za mu komo kanta.

Talaka bai fara zama gaban akwatin hoto don sha'awa ba, takarda ce ta zaunar da shi. Tsohon sojan Faransa da ya dawo daga yaƙi yana bukatar hoto a littafinsa kafin ya karɓi fansho. Mai niyyar hajji ta jirgi sai da fasfo. Ɗan lakkwal da zai zauna jarrabawar sartifika sai an liƙa hotonsa a takardunsa. Bayan samun mulkin kai a 1960 katin ɗan ƙasa ya yaɗu, musamman ga matafiya. Dattawa sun gaya mini cewa da fari mutane da dama sun ƙi. Wasu suna cewa akwatin yana ɗauke kurwar mutum ko ya rage masa kwana, malamai kuma suna da maganarsu a kan yin siffar mai rai. Amma wanda ya je shingen ƴan sanda ba kati ya san abin da ya gani. Da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda daga Gana a ƙarshen 1969, ta ba su mako biyu su fita, sa'an nan Najeriya ta yi irin tata korar a 1983, babu ɗan biɗar da ya sake wasa da maganar takarda. Ƙaramin hoton nan na kati, kai da kafaɗu, shi ne hoton farko a yawancin gidajenmu, a wasu gidajen ma shi kaɗai ne.

Su wane ne masu ɗaukar? Galibi baƙi ne daga kudu: Yarbawa, da mutanen Gana, da na Togo da Dahome. Yarbawa musamman sun bazu da wannan sana'a ko'ina a Afirka ta yamma, maigida ya koya wa yaro shekara biyu ko uku, ya yaye shi, yaron ya nemi garin da ba mai hoto ya kafa. A Yamai wanda ya fi suna shi ne Philippe Koudjina, haifaffen Kwatano a 1940, wanda ya zo Nijar a 1959, ya yi ta ɗaukar samari da ƴan mata da mawaƙa na zamanin Diori Hamani, ya rasu a 2014. Ƴan ƙasa sun shiga sana'ar daga baya, da yawansu ta hanyar yi wa waɗannan baƙi yaranta. Mu da muke mararraba, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Maraɗi, ga Ƙonni kusa, ga Illela ta Najeriya da Sakkwato a ƙetaren iyaka, ba mu rasa inda za mu je ba.

Kafin shaguna su yawaita, mai hoton kasuwa ake yayi. Tsofaffi suna tuna shi sarai. Akwatin katako ne babba bisa ƙafa uku, da ido a gaba, da hannun riga baƙi a gefe inda yake zura hannunsa. Zai rataya baƙin zane a jikin bango, ya zaunar da kai a benci inda haske ke da kyau, ya daidaita maka haɓa, ya ce kada ka motsa, kada ka ƙifta. Sa'an nan ya cire murfin idon akwatin, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Babu fim a wannan akwati, takardar hoto ce kai tsaye, ɗakin duhun kuma shi ne cikin akwatin kansa, inda ya ajiye ƙananan faranti biyu na magani. Da hannu ɗaya yake aikin, yana leƙe ta wata ƴar kafa. Abin da ke fara fitowa a juye yake: fuska fara fat, haƙora da farar riga baƙi ƙirin. Wani dattijo ya ce mini ranar da ya hangi nasa a haka sai da ya yi a'uziyya, ya ce wa mai hoton shi bai biya kuɗi don a mai da shi aljani ba. Mai hoton ya yi dariya, ya manna jiƙaƙƙiyar takardar bisa wani ɗan allo a gaban idon akwatin, ya sake ɗaukarta, sai ga mutum ya fito daidai. A ɗauraye a bokiti, a yanke da almakashi, ka sa a cikin hula ka tafi tun bai gama bushewa ba.

Aikin shago ya fi wannan nisa, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, domin duk muna cewa "wanke hoto" ba tare da mun san me ake wankewa ba.

Fim, wanda masu Faransanci ke kira pelikil, leda ce da aka shafa wa wani danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar shanu. Ku tuna romon ƙafar sa idan ya kwana cikin ɗari ya daskare, to danginsa ne. A cikin danƙon an barbaɗa gishirin azurfa, ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. Duk ƙwayar da haske ya taɓa takan canza, amma canjin a ɓoye yake. Babban fim mai lamba 120 yana ɗaukar hoto 12 a kyamarori masu ido biyu irin Rolleiflex da Yashica, waɗanda mai hoto ke riƙewa a ciki yana duban ƙasa. Ƙaramin fim yana ɗaukar har 36. Idan naɗi ya cika, sai a shiga ɗakin duhu a toshe kowace kafa, domin shi fim ko jar fitila ba ya so, da lalube ake kwance shi. A fara tsoma shi a ruwan fiddawa, wanda ke mai da ƙwayoyin da haske ya taɓa su zama baƙar azurfa. Nan ake ƙirga mintoci, in ya gaza hoto ya fito fari-fari ba ƙarfi, in ya wuce ya ƙone. A ɗauraye shi a ruwa mai ɗan tsami don aikin maganin ya tsaya. Sa'an nan a sa shi a ruwan kamawa, wanda ke narkar da sauran gishirin da haske bai taɓa ba, don kada ya yi baƙi daga baya. Daga ƙarshe a wanke da ruwa mai yawa, a rataye ya bushe inda ba ƙura. Wannan shi ne kilishe. Daga gare shi ake haska siffar bisa takarda, ko dai a manna su tare a nuna wa haske, ko a sa a injin ƙara girma inda akwai lantarki, ita ma takardar ta bi ta waɗannan ruwaye ɗaya bayan ɗaya, amma ita a ƙarƙashin jar fitila.

Turawan da suka haɗa waɗannan magunguna sun tsara su a kan digiri 20 na ma'aunin zafi. To ku auna da bazararmu, lokacin da zafi ke wuce 40 kuma ɗakin duhu ba taga. Ruwa mai zafi yana sa magani ya yi gaggawa, yana kuma kumbura danƙon har ya saɓule daga jikin leda. Saboda haka masu hoton ƙasarmu da tsakar dare ko da asuba suke wanki, suna sanyaya kwalaben magani a cikin randa, mai hali ya sayi ƙanƙara. Cikin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, ƙwaya ɗaya ta zauna a jiƙaƙƙen kilishe sai ta fito a matsayin farin tabo a goshin mutum. Ga kuma wata wahala da littafin Bature bai yi dogon bayani a kanta ba: baƙar fuska da farar riga a hoto ɗaya. In ka biye wa fuska, aikin wuyan rigar ya ɓace cikin fari. In ka biye wa riga, fuska ta zama gawayi. Gwani yakan tare haske da tafin hannunsa ko da ɗan kwali a daidai fuska lokacin haskawa, ya bar riga ta ƙara sha, wani kuma ya gyara kilishen da bakin fensir. A nan ake gane wanda ya yi yaranta da wanda ya sayi kyamara kawai.

Wankin ƙarshe kuwa shi ne gaskiyar mai hoto. Takarda mai kauri irin ta da tana bukatar kusan sa'a guda a ruwa mai gudu, ko a yi ta canza mata ruwa sau da yawa, kafin maganin kamawa ya fita daga jikinta. A garin da ake sayen ruwa wurin ƴan garuwa, ba kowa ke yin haka ba. Wanda ya yi ha'inci ba a kama shi ranar karɓa, sai bayan shekara 20 ko 30, lokacin da hoton ya fara yin rawaya, fuska tana dusashewa. Na jera hotuna biyu na gida ɗaya, na shekaru kusa da juna, ɗaya kamar jiya aka yi shi, ɗaya sai ka karkata shi ga haske kafin ka ga idanu. Bambancinsu bokitin ruwa ne.

Da ƴan biɗa suka saba da hoton kati, sai suka gano masa wani amfani. Mutum ya shekara biyu a Kumasi ko Abijan, bai iya rubutu ba, wasiƙa sai ya nemi mai rubuta masa, a gida ma sai an nemi mai karantawa. Hoto kuwa ko tsohuwa tana karanta shi. Sai ya shiga shago ranar hutu, ya tsaya gaban labulen da aka zana wa jirgin sama ko gidan bene, ya ɗaura agogo a inda za a gani, ya rungumi rediyo, ko ya dafa babur. Ya ba wani mai komawa gida ya kai. Ba na son in tona asirin iyayenmu, amma su da kansu suka faɗa mini suna dariya cewa sau da yawa rediyon da agogon da kwat ɗin duk na mai shago ne, kowa su yake ɗauka. Ni ban ga laifinsu ba. Saƙon da ake so uwa ta samu shi ne ɗanta yana raye, bai rame ba, bai lalace ba, kuma ta samu. Akwai auren da aka ɗaura a garin nan bisa shaidar irin wannan hoto.

Yanzu sai maganar allo. Talla iri biyu ce a bakin shagon mai hoto. Akwai faifan ƙarfe na kamfani, irin wanda na gani a garken awaki, wanda dillalan fim ke ba masu saye a wurinsu: ruwan ɗorawa da ja na Kodak, jar layar Agfa, daga baya koren Fuji na Japan. Ko wanda bai yi boko ba ya san launin, daga nesa ya san a nan ake hoto. Na biyu, wanda ya fi jan mutane, shi ne allon gilashi da mai shago ke cikawa da aikin hannunsa: amarya da ƙawayenta, ɗan kokawa da layunsa, alhaji da ya sauka, samari cikin wando mai faɗin ƙafa. Da safe a fito da shi, da magariba a shigar. Mutane kan taru a gabansa suna nuna wane da wance, wanda aka sa hotonsa a tsakiya kuma ya yi ta yawo da kai sama. Wasu hotunan na waɗanda suka ɗauka ne ba su dawo sun biya ba, aka kafe su nan don kunya ta kawo su. Irin faifan ƙarfen nan a Turai akwai masu tara su, ana gwanjonsu, shi ya sa masu sayen kayan da ke bin lunguna. Ni faifan bai dame ni ƙwarai ba, a can aka ƙera shi, in ya koma can ya koma gida. Allon gilashin ne ya tsaya mini a rai.

Mutuwar sana'ar ba ta ɗauki lokaci ba. Cikin shekarun 1980 injunan wanke hoto mai launi suka shigo manyan biranen Afirka ta yamma, da yawansu a hannun mutanen Koriya, suna fidda ɗaruruwa cikin sa'a guda. Kowa ya koma son launi, mai shago ya zama ɗan aike, ya ɗauka ya tura fim birni ta hannun direba. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kayan da ake shigowa da su daga waje suka ninka kuɗi, sauran masu ɗakin duhu suka rufe. Sa'an nan hoton lantarki da wayar hannu suka zo suka binne har mai launin. Kodak ta daina yin takardar baƙi da fari a 2005, a 2012 kuma ta kai kanta kotu saboda bashi. Abin mamaki, hotunan launi na shekarun 1980 da yawansu sun koma ja-ja sun kwashe, alhali baƙi da farin da aka wanke da kyau tun zamanin Diori yana nan daram, domin azurfa ta fi rini daɗewa.

Na ce za mu komo kan maganar suna. A Bamako an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, ya kuma adana kilishensa dubbai. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin New York, aka rubuta a ƙarƙashinsu wai ba a san mai ɗauka ba. Sai da wani Bafaranshe, André Magnin, ya bi sawu har Bamako, wani mai hoton, Malick Sidibé, ya duba ya gane aikin. Keïta ya yi suna a duniya kafin rasuwarsa a 2001, Sidibé kuma ya karɓi babbar kyauta a birnin Venise a 2007. Sunan mai ɗauka ya dawo ke nan. Amma mutanen da ke cikin hotunan, mata da maza da suka sa kayan sallarsu suka biya kuɗinsu, yawancinsu har yau ba suna a ƙarƙashinsu. Allon Ƙonni, in ya isa inda za shi, haka zai zama, a rataye kawun wani ko gwaggon wani a bangon baƙo, a ce wani mutumin Nijar.

Wanda ya tafi ya tafi. Na cikin adakokinmu su ne a hannunmu, su ma ba su da tabbas, ga gara, ga ɗigar ɗaki, ga irin ambaliyar damanar 2024 da ta rusa gidaje da yawa a ƙasar nan. Na zaga gidajen da suka ba ni izini, abin da na tarar shi ne hoto yana nan amma mai sanin na ciki mutum ɗaya ne ya rage, tsoho ko tsohuwa, jikoki kuma sai su ce "wani ɗan'uwan Baba ne". Roƙona ga kowane gida shi ne a zauna da tsofaffi a juya bayan hoto a rubuta sunan mutum da na ubansa, da garin da aka ɗauka, da shekara ko abin da ya faru a shekarar, da boko ko da ajami. A yi da fensir, don tawadar biro tana ratsa takarda. Kada a kai a manne shi cikin leda da zafi irin yadda ake yi wa kati, ba ya ɓantaruwa kuma. Kada a rataye inda rana ke bugu. Mai kilishe ya raba shi da hotuna, ya sa a ambulan, in ya ji yana warin tsami ya fara lalacewa ke nan, a hanzarta kawo shi. A taron ƙungiya na bayan salla zan zo da babban littafi, duk wanda ya kawo hoto za mu ɗauke shi da waya, mu rubuta bayaninsa, ya koma da abinsa a ranar. Na wurin biɗa su aiko ta WhatsApp ga magatakarda, gaba da baya, domin hatimin shagon da ke baya shi ma shaida ne.

Akwai ɗaya da ke hannuna yanzu, aro daga wata gwaggo. Injinmu na bugawa ba ya fidda hoto, saboda haka zan kwatanta. Samari uku ne a tsaye gaban labule mai jirgin sama, hatimin baya ya nuna Kumasi, ba shekara. Na dama mijinta ne, Allah ya jiƙansa, na hagu kuma an gane shi, ɗan unguwarsu ne. Na tsakiya dogo ne siriri, da hula ƙube a karkace, da tabo a girar hagu, shi ke riƙe da rediyon. Gwaggo ta ce ɗan garin nan ne, tare suka tafi, shi bai dawo ba, sunan kuma ya kwanta mata. Dattawan da suka yi Gana kafin korar 1969, ina roƙo ku zo ku duba shi. Wassalam.